Shekarar da Muka Yabi Janar

Gonarmu ta rani tana ƙarshen kanal, can inda siminti ya ƙare aka ci gaba da ƙasa, tsakanin ƙauyenmu da hanyar Bunkure. Mutanen da gonakinsu ke kusa da ƙofar ruwa suna kiranmu 'yan wutsiya, mu kuma muna amsawa, don ba ƙarya suka yi mana ba. Ruwa kan taso daga madatsa da ƙarfinsa, ya ratso gonakin jama'a kowa na ɗiba, kafin ya iso mu ya gaji. Amma a zamanin mahaifinmu, ko a gajiye yake yana isowa. Da mahaifinmu ya rasu ba mu raba gonar ba, ni da yayana muka ci gaba da nomanta tare, tana ciyar da gidansa da nawa. Yaya ke yanke shawara, ni kuma aikina mita.

Sai wani tsohon janar ya sayi ƙasa a samanmu, ta inda ruwa ke biyowa kafin ya iso mu. Ya sayi ta wannan, ya sayi ta wancan, ya haɗe su ya zagaye da waya, ya sa aka kafa injinan ban ruwa a bakin kanal. Ba irin ƙananan da muke ɗaurawa a bayan babur ba, manya ne masu ɗaki nasu da rufin kwano. Shinkafa yake nomawa rani da damina, ita kuwa shinkafa ba ta san ƙoshi da ruwa ba. Tun daga lokacin, duk ranar da rabon ruwa ya zo kanmu, sai mu tafi da tiyo a kafaɗa mu tarar da laka da kwaɗi.

Sau ɗaya na taɓa ganinsa ido da ido, a wurin wata jana'iza. Na daɗe ina tanadin maganganun da zan gaya masa ranar da Allah ya haɗa mu, ina zaton zan ga wani ƙato mai jajayen idanu. Sai ga ɗan ƙaramin tsoho da sanda, yana tari, wani na riƙe masa takalmi. Ya miƙo mini hannu, na ce Allah ya ƙara lafiya, ya wuce. Har yau ban tabbata ya san akwai mutane a bayan wayarsa ba. Wanda muka sani shi ne manajan gonar, mutum mai fara'a da ba ya taɓa ce maka a'a, ba ya kuma taɓa yi maka abin da ka roƙa.

Mun je wurin manajan har ƙafafunmu suka san hanya. Mun yi ƙungiya, ƙungiyar ta watse. Maƙwabtanmu suka fara sayar da gonakinsu ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma tura baro a Kano, wani ya koma gadi. Ranar da maƙwabcinmu na gabas ya sayar da tasa, Yaya ya zauna a kan kunya ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "Bana ce ta ƙarshe. In rani ya sake wucewa ba mu ɗauki komai ba, mu ma sayarwa za mu yi. Ba zan bar yara da yunwa ina gadin ƙasa ba." Na yi ta faɗa, na ce gonar ubanmu ce, na ce sai dai bayan raina. Ya bar ni na gama. Ni kaina na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma faɗan ya yi tsawo.

Da kakar shekarar ce muka fara jin sunan Janar a rediyo. Wata babbar jam'iyya ta tsayar da ɗan takararta na shugaban ƙasa, ana neman wanda zai yi masa mataimaki, sunan Janar na cikin waɗanda ake jujjuyawa. Da na ji, tsaki na yi. Na ce wanda bai iya raba ruwan kanal da talaka ba, shi za a ba rabon ƙasa?

Ba a jima ba injinan suka yi shiru.

Da farko mun ɗauka lalacewa suka yi. Sai muka ga motar haƙa ta fito daga gonar Janar tana yashe kanal, tana tumɓuke ciyawar da ta toshe shi shekara da shekaru, har zuwa bakin gonarmu. Manaja da kansa ya zo yana duba aikin, ya gaishe da Yaya hannu biyu. Ranar rabonmu ta zo, muka je, wallahi na tsaya ina kallon ruwa kamar ban taɓa ganinsa ba. Cike yake taf, yana tafe da kumfa da tarkacen kara, yana lasar bakin kanal. Mata suka fito da wanki, tsofaffi suka zo kallo. Wani dattijo ya durƙusa ya yi alwala da shi alhali ba lokacin salla ba ne.

Babu wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Wanda ake bincikensa ba ya son a iske maƙwabtansa na kuka da shi. Duk mun gane, kuma duk mun sha ruwan.

Yaya ya sayar da bijiminsa, ni na sayar da tumakin da nake kiwo a bayan gida, muka sayi irin tumatir da taki. Shekaru mun saba dasa ɗan gefe kawai, inda muke sa ran danshi zai kai. Bana Yaya ya ce a dashe ta gaba ɗaya, daga bakin kanal har iyaka. Na ce, "Yaya, a kan maganar rediyo za mu zuba duk abin da muka mallaka?" Ya ce, "A kan ruwa dai. Ga shi nan kana gani. In an ɗauke shi, ba zai kunna inji ba sai an yi zaɓe, mu kuwa kafin zaɓe mun kwashe kayanmu. In ma ba za a ɗauke shi ba, Allah ya sa su daɗe suna shawara." Muka dasa. Matanmu da 'ya'yanmu duk suka fito, muka wuni a sunkuye har bayana ya ƙi miƙewa.

Daga nan siyasa ta shigo mana gida, mu da ba mu taɓa damuwa da wa zai yi wa wa mataimaki ba. Kowa ya rataya rediyo a gona. A teburin mai shayi kowace safiya ana auna Janar kamar buhun shinkafa. Wani ya ce ƙasa na fama da 'yan bindiga, soja ake buƙata, shi za a ɗauka. Wani ya ce ai mutane ba su manta da mulkin soja ba, sunan janar kaɗai zai kori ƙuri'a. Wani ya ce ya tsufa. Wani ya ce ba shi da jama'a, ko akwatin mazaɓarsa ba zai iya kawowa ba, gara tsohon gwamna mai mutane. Mai shayin da bai taɓa wuce Kura ba ya zama masanin yadda ake daidaita Kudu da Arewa. Ni da na fi kowa ƙin mutumin, sai na tsinci kaina ina kare shi, har jijiyar wuyana na tashi. Na ce tsufan me, ai tsufa hankali ne. Aka kwashe da dariya, aka ce yau ga ɗan wutsiya ya zama kakakin Janar. Na ji kunya, amma ban janye ba, don ni tumatir nake karewa.

Shi kuwa tumatir ya kama. Ya yi kore shar, ya buɗe ganye, ƙamshinsa na bin rigar mutum har gida. In na shiga tsakanin kunyoyi da safe sai in ji zuciyata ta yi fari, sannan in tuna a kan me yake tsaye, sai gabana ya faɗi. Ban taɓa jin daɗi da tsoro sun haɗe mini wuri ɗaya irin na lokacin ba.

Wata Talata dagaci ya aiko a kira mu. Baƙi ne suka zo daga jam'iyyar, cikin mota mai baƙin gilashi, sun ce suna son jin ta bakin maƙwabtan Janar. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci. Babbansu, mai babbar riga da tabarau, ya ce kada mu ji komai, bincike ne kawai irin wanda ake yi kafin a ba mutum aure. Wani a cikinsu ya ɗaga waya yana ɗaukarmu.

To, binciken aure kuwa mun san shi, kuma yana da ƙa'idarsa a wurinmu. In baƙo ya zo tambayar halin maƙwabcinka, ba ka buɗe baki ka tona masa asiri, ko da ya cuce ka. Gobe tare za ku yi sahu a masallaci. In mutumin kirki ne, sai ka saki baki ka yi ta yabo, ka kawo misali. In akwai matsala, sai ka faɗi ɗan alherin da ka sani, ka yi shiru, ka dubi ƙasa, sannan ka ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Mai tambaya in ɗan gida ne ya gane, zai tashi ya yi godiya, maganar aure ta mutu ba wanda ya ɓata da wani. Haka muka taso muka ga ana yi.

A hanya na ce da Yaya yau zan fasa ƙwai, zan faɗi shekarun da muka yi muna kallon laka. Ya tsaya cak ya riƙe mini hannun riga.

"Ka faɗa, su cire sunansa yau, gobe a kunna inji. Sai ka ci gaskiyarka da tuwo."

"To ƙarya za mu yi, Yaya?"

"Ba na ƙarya da furfurata. Zan faɗi abin da yake akwai, in yi shiru a inda ake shiru. Mai kunne ya ji, tsakaninsa da Allah."

Haka kuwa ya yi. Da aka zo kansa ya ce Janar ya yashe mana kanal, gaskiya ne. Ya ce bana ruwa na iso mu, gaskiya ne. Sannan ya yi shiru, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, shirun ya yi tsawo har dagaci ya yi gyaran murya. Ya ɗago ya ce, "Allah dai ya zaɓa wa ƙasa abin da ya fi alheri." Duk wani ɗan ƙauyenmu da ke wurin ya ji abin da Yaya ya faɗa. Baƙin suka ce amin da ƙarfi, mai tabarau har da tafi.

Sai mai wayar ya juyo kaina. Ya ce, "Malam, kai ma manomi ne? Ruwa na isa gonarka?"

Na ce yana isa.

"Kafin zuwan Janar fa da aikin da ya yi, yaya kuke?"

Na dubi Yaya, Yaya na kallon tabarma. Na ce muna shan wahala.

"Ke nan albarkacin wa kuka samu?"

Na hango gonar a raina, kore daga kanal har iyaka. Na ce, "Albarkacin Janar." Na yi nawa shirun ni ma, na dubi ƙasa kamar yadda ake yi, amma kafin in ɗago ya riga ya sauke wayar ya wuce kan na gaba.

Kafin mako ya zagayo muryata ta shiga rediyo. An yanke shirun Yaya, an yanke nawa, an bar yabon tsantsa, an sa masa kiɗa a ƙasa. Manoman karkara sun shaidi Janar, in ji mai gabatarwa. Ranar kasuwar Bunkure tun daga bakin tasha ake ɗaga mini hannu ana cewa "Albarkacin Janar!" Mai sayar da taki ya ce in an rantsar da su kada in manta da shi. Na yi dariyar yaƙe na wuce, raina kuwa kamar an zuba mini barkono. Duk da haka da na dawo gida na ce da matata, in dai wannan zai sa a ɗauke shi, su yi ta kira na da sunan har in mutu.

Shawara ta yi ta jan ƙafa. Yau a ce an gama magana shi ne, gobe a ce gwamnoni sun ƙi. Mu dai addu'armu ɗaya ce, ko a ɗauke shi ko a ci gaba da jayayya. Limaminmu ma, da yake shi ma ɗan wutsiya ne, in ya zo addu'a bayan salla sai ya ce Allah ya sa shugabanni su yi nazari a tsanake, kada su yi gaggawa. Mu ce amin har da shafawa.

Tumatir ya fara fure ke nan aka sanar. Da la'asar ne, muna cire ciyawa, rediyo na rataye a jikin sanda. Aka ce jam'iyya ta tsayar da wani tsohon gwamna. Aka ce Janar ya taya shi murna, ya yi alkawarin ba da goyon baya. Masu sharhi suka shigo suna ta bayani, wannan ya ce shekaru, wannan ya ce yawan ƙuri'a, wannan ya ce an guji kakin soja. Na saurara har ƙarshe ko wani zai ambaci abin da muka ce, ko da yabon ne. Babu. Ashe zuwansu da tabarmar da muka zauna da kunyar da na sha, duk ba su cikin lissafi. Yaya bai ɗago ba, ya ci gaba da cire ciyawa har ya kai ƙarshen kunya, sannan ya ce in kashe rediyon batir na ƙarewa.

'Yan kwanaki injinan ba su motsa ba, har na fara yaudarar kaina cewa ko mutumin ya ji kunyar yabon da muka yi masa. Wata safiya muna fitowa daga masallaci muka jiyo su. Ƙara ce mai nauyi da kake ji a ƙirji kafin kunne. Sahun mutane ya tsaya a ƙofar masallaci.

Muka je wurin manaja, ni da Yaya. Ya tarbe mu da fara'arsa, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi. Yaya ya cire hula ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ce a kashe gaba ɗaya ba. A ɗaga mana ƙafa ranar rabonmu kawai, har ya ɗaura 'ya'ya. Fure yake yi. In ya ji ƙishirwa yanzu zubar da shi zai yi."

Manaja ya ce wallahi ya tausaya mana. Ya ce amma Yallaɓai ya yi asara mai yawa a watannin nan, shinkafarsa ma rai gare ta. Na ce to a haɗa mu da Yallaɓan. Ya ce ya tafi ƙasar waje ganin likita. Nan zuciya ta ɗebe ni, na miƙe na ce za mu kai ƙara, za mu je rediyo, za mu gaya wa duniya. Bai ɗaga murya ba. Ya ciro wayarsa ya latsa, ya ajiye a kan tebur, sai ga muryata ta cika ofishin da kiɗanta a ƙasa. Ya bari ta ƙare sannan ya ce, "Malam, duk inda kuka je wannan za a fara saurara. Ni shawara nake ba ku ta 'yan'uwa." Yaya ya mayar da hularsa, ya ce mun gode, ya ja ni muka fito. Tun daga nan har gida ban iya haɗa ido da shi ba, shi ma bai nemi hakan ba.

Ruwa bai yanke gaba ɗaya ba. Ranar rabonmu yana zuwa siriri a tsakiyar laka, wanda in ka tare shi wuni guda zai jiƙa rabin gona da ƙyar. Mun gwada raba shi ko'ina, sai ya zama ba inda ya ƙoshi, fure ya fara zuba a ƙasa rawaya-rawaya. Yaya ya zagaya gonar ya dawo ya ce ba yadda za a yi, sai an bar rabi ya mutu don rabi ya rayu. In rabin ya yi kyau, watakila mu ga wata shekarar a gonar. In bai yi ba, na riga na san maganar sayarwa ce.

Magudanar cikin gonarmu ta rabu biyu, ɗaya ta yi arewa ɗaya ta yi kudu. Muka tsaya a mararrabar. Ya miƙo mini fartanya ya ce, "Zaɓi."

Na ce, "Kai ne babba, Yaya."

Ya ce, "Ni na ce a dasa duka. Ba zan iya wannan ba."

Na dubi arewa, na dubi kudu. Ba wanda ya fi wani laifi. Tare muka dasa su, taki ɗaya suka ci, duk suna tsaye da furensu. Na daɗe ina neman dalili, ko ƙasar wani gefen ta fi riƙe danshi, ko wani ya fi lafiya, ban samu abin kirki ba. Ƙarshe na zaɓi a bar arewa don ta fi kusa da kanal da 'yan taku. Na sari laka na toshe bakin magudanar kudu, na danna da ƙafa, ruwan ya ɗan taru ya juya ya bi ɗaya hanyar. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba, ina ta zagin da ban san wa nake yi wa ba.

Yaya ya karɓi fartanyar ya saɓa a kafaɗa. Ya ce, "Shi ke nan. Kada ka ƙara kallon wancan gefen."

Na ce to. Amma hanyar gida ta tsakiyar gefen kudu ta bi, ba mu da wata. Ta nan muka wuce ran nan, ganye na shafar ƙafafunmu, ta nan kuma muka ci gaba da bi safe da yamma har suka gama bushewa.